Na'urar danna ƙirji da mintunan farko a Dingyadi

Idan zuciyar mutum ta tsaya farat ɗaya, jini kan daina isa ƙwaƙwalwa, kuma cikin minti 4 zuwa 6 sai ta fara lalacewa. Abin da ke tsare rai a wannan ɗan tsakani shi ne danna ƙirji, dabarar da Kouwenhoven da Jude da Knickerbocker na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka suka bayyana a 1960. Ƙa'idarta a yau ita ce a danna tsakiyar ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti, ƙashin ya nutsa santimita 5 zuwa 6, a kuma bar shi ya dawo daidai bayan kowace danna domin zuciya ta sake cika da jini.

Aiki ne mai cin ƙarfi. Ko ƙato majiyin ƙarfi ne, dannarsa kan fara rauni tun bai ankara ba, shi ya sa ake son masu ceto su riƙa karɓar juna duk bayan minti 2. A cikin motar asibiti mai gudu kuwa, inda ma'aikaci ke tangaɗi a tsaye, ingancin aikin kan ƙara zubewa. Waɗannan matsaloli biyu, gajiya da girgizar mota, su ne injiniyoyi suka nufi warwarewa da na'ura.

Ƙirar ta kasu gida biyu. Ta farko ita ce irin LUCAS, wadda aka inganta a birnin Lund na Suwidin. Ana shimfiɗa wani faranti a ƙarƙashin bayan majiyyaci, a ɗaura masa ƙafafu biyu da ke haɗuwa a saman ƙirji, daga nan wata sanda ta riƙa sauka da hawa kamar fistan ɗin inji, kimanin sau 102 a minti. A bakin sandar akwai kofin roba da ke kama fata tamkar ƙahon wanzami, yana taimaka wa ƙirji ya ɗago. Samfurin farko da matsattsiyar iska yake aiki, na baya kuma da batir mai ɗaukar kusan minti 45, nauyinta duka bai wuce kilo 8 ba. Ta biyu ita ce AutoPulse ta kamfanin Zoll, wadda ke naɗe ƙirji da ɗamara mai faɗi, tana matsewa tana saki sau 80 a minti, ta yadda ƙarfin zai watsu maimakon ya taru a wuri guda.

A ido, na'urar da ba ta gajiya ya kamata ta fi hannu. Gwaji bai tabbatar da haka ba. Binciken LINC da aka wallafa a 2014 a kan mutum 2,589, da na PARAMEDIC da aka yi a Birtaniya a kan mutum 4,471 aka wallafa a 2015, duka ba su sami ƙarin masu tsira ba. A na biyun, kashi 6 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa da na'ura ne suka kai kwana 30 a raye, na hannu kuwa kashi 7. Wani ɓangare na dalilin shi ne ɗaura na'urar kansa yana katse dannawa na wasu daƙiƙoƙi masu tsada. Saboda haka ƙa'idojin ƙasashen duniya ba su ce a riƙa amfani da ita kullum ba, sai inda hannu ba zai iya ba, kamar doguwar tafiya a mota ko ƙarancin ma'aikata.

Wannan sharaɗi ya yi kama da halin garuruwa irin Dingyadi a Ƙaramar Hukumar Bodinga, da ƙauyukan Shagari, waɗanda babban asibitinsu na ƙarshe shi ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ma'aikaci guda a bayan mota ba zai iya danna ƙirji yadda ya kamata tun daga can har birni ba. Mai cewa a sayi na'urar yana da hujja a nan, kuma bai kamata a raina ta ba.

Sai dai na'urar tana zuwa ne tare da motar, motar kuma ba ta isowa cikin minti 5. Mutumin da ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa ko a gona, waɗanda ke kusa da shi ne ke riƙe da makomarsa. Idan abin da suka sani shi ne yayyafa ruwa da fifita, to duk na'urar da ta iso daga baya za ta tarar da ƙwaƙwalwa ta riga ta tafi. Danna ƙirji ma, ko da hannu ko da inji, sau da yawa ba ya tayar da zuciya shi kaɗai. Yana sayen lokaci ne kafin a kawo na'urar girgiza zuciya da lantarki.

Ga kuma abin da masu ƙirar ba su yi lissafinsa da Sakkwato ba. An tsara LUCAS ta yi aiki a zafin da bai wuce digiri 40 ba, alhali bazarar wannan yanki kan haura haka. Batirinta na buƙatar caji a inda wutar lantarki ba ta da tabbas. Ba a yi ta don ƙananan yara ba. Farashin guda ɗaya ya haura dala 10,000, kuɗin da zai sayi gumakan roba na koyon danna ƙirji masu yawa, ya kuma biya masu horarwa.

Don haka akwai jerin da ya kamata hukumomin lafiya na jiha da shirin agajin gaggawa na ƙasa, NEMSAS, su bi. A fara da hannaye: malaman makaranta, direbobin tasha, 'yan acaɓa, ungozoma da ma'aikatan ƙananan asibitoci, domin koyon dabarar ba ya cin yini guda. A bi da na'urar girgiza zuciya a asibitocin Bodinga da Shagari, sannan motar da ke amsa kira da mai a tankinta. Bayan waɗannan ne na'urar danna ƙirji za ta sami gurbinta.

Kafin lokacin, aiki na jiran sassan injiniyanci na jami'o'in Arewa: na'ura mai jure zafi da ƙurar hunturu, mai caji daga batirin mota, wadda bakanike a Sakkwato zai iya kwancewa ya gyara. Sai an gwada ta gwaji mai tsanani kafin ta taɓa ƙirjin mutum, domin sandar da ta kauce daga tsakiyar ƙirji tana iya raunata hanta.