Ranar da Mutanen Ɗa'ifa Suka Nemi a Bar Musu Lata

A watan Ramadan na shekara ta 9 bayan Hijira, wata tawaga ta Banu Saƙif ta iso Madina daga Ɗa'ifa, Abdu Yalil ɗan Amru na gaba. Ba baƙi ba ne ga Manzon Allah (SAW). Mutanen garinsu ne suka sa yara da wawaye suka yi masa ruwan duwatsu har ƙafafunsa suka yi jini, lokacin da ya je musu da kira shi da Zaidu ɗan Harisa kafin Hijira. Su ne kuma suka shige ganuwarsu bayan yaƙin Hunaini a shekara ta 8, aka kewaye su kwana da kwanaki garin bai buɗu ba. Da rundunar Musulmi za ta juya, aka ce wa Manzon Allah (SAW) ya yi musu mummunar addu'a, shi kuwa sai ya roƙi Allah Ya shiryi Saƙif Ya kawo su. Bayan haka ma ba su daddara ba, domin da babbansu Urwatu ɗan Mas'ud ya musulunta ya koma gida yana kiransu, kibiya suka ɗirka masa ya mutu.

Waɗannan mutane ne aka kafa wa tanti a cikin masallacin Madina, don su ji karatun Alƙur'ani su kuma ga yadda ake salla. Ba wanda ya tone musu tsohon laifi.

Da aka zauna magana sai suka fara ciniki. Ɗa'ifa gari ne na gonakin inabi da masu ba da bashi da ruwa, saboda haka suka tambaya game da giya da riba da zina, aka ce musu duk haramun ne. Suka nemi a ɗauke musu salla, aka nuna musu addinin da ba salla a cikinsa ba shi da wani alheri. Amma abin da ya fi tsaya musu a rai shi ne Lata, gunkin da suka gina wa ɗaki, suka naɗa masa masu hidima, suke alfahari da shi a kan sauran Larabawa. Suka roƙi a bar musu shi shekara uku kafin a rushe. Aka ƙi. Suka yi ta ragowa har suka sauko wata guda. Wannan ma aka ƙi.

Dalilin da suka bayar ya cancanci a tsaya a kansa.  Cewa suka yi suna tsoron abin da matansu da 'ya'yansu da marasa hankalin cikinsu za su yi idan aka taɓa gunkin haka kwatsam. Wato idon jama'a ne ya ɗaure su. A ganina nan ne yawancin masu niyyar tuba suke maƙalewa, a da da yanzu. Ɗan kasuwar da ya binne wani abu a bakin shagonsa ya san ba shi ke kawo ciniki ba, amma yana tsoron ranar da zai tone a ce ga abin da ya jawo wa kansa. Matar da ke zirga-zirga gidan boka saboda kishiya tana cewa bari dai wannan aikin ya ci, daga shi ta daina. Ɗan siyasa kuwa sai bayan zaɓe. Kowa da nasa wata gudan da yake roƙo, alhali ba wanda aka ba wa takardar cewa zai kai ƙarshen watan.

Sai dai kada a ɗauka an tsananta musu ta ko'ina. Da suka ce ba za su iya karya gunkin da hannunsu ba, an yarda, aka ce za a aiko da masu yi. Abu Dawud ya ruwaito cewa sun sa sharaɗin ba za su ba da zakka ba kuma ba za su fita yaƙi ba, Manzon Allah (SAW) ya bayyana cewa idan sun musulunta za su yi duka biyun da kansu. An yi musu sauƙi a inda sauƙi zai yiwu, aka tsaya kyam a kan abu biyu: ba za a haɗa Allah da wani ko na kwana ɗaya ba, kuma ba za a bar salla ba. Masu wa'azinmu da ke korar mai laifi tun daga ƙofar masallaci suna da abin dubawa a nan.

Waɗanda aka aika su ne Abu Sufyan ɗan Harbu da Mugira ɗan Shu'uba, wanda shi kansa ɗan Saƙif ne. Mugira ya hau ginin da gatari a hannu, danginsa suka kewaye shi don kada a harbe shi kamar yadda aka yi wa Urwatu, mata kuwa suka fito kai ba ɗankwali suna kuka. Ya yi ta sara har ginin ya zube. Aka jira bala'i, ba abin da ya faru. Zinariya da kayan adon da aka tara wa gunkin aka kwashe, aka biya bashin da ake bin marigayi Urwatu da su.

Shi wannan Mugira yana da nasa tarihin. Kafin ya musulunta ya kashe abokan tafiyarsa ya kwashe dukiyarsu, sannan ya nufi Madina. An karɓi musuluncinsa, amma Manzon Allah (SAW) ya nesanta kansa daga dukiyar. Tuba tana wanke abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, amma ba ta halatta kayan mutane. Wanda ya ci gadon marayu ko ya danne filin wani, hawaye a sujada kaɗai ba su ishe shi ba.

An naɗa wa mutanen Ɗa'ifa shugaba daga cikin tawagar, Usman ɗan Abil As, wanda yana cikin mafi ƙarancin shekaru amma ya fi kowa ƙwazon koyon Alƙur'ani. Ba a daɗe ba Manzon Allah (SAW) ya yi wafati a shekara ta 11, ƙabilu da dama suka juya baya. Usman ya tuna wa mutanensa cewa su ne na baya-baya wajen shiga, bai kamata su zama na farkon fita ba. Garin da ya yi jifa, ya yi kisa, ya roƙi a bar masa gunki, yana cikin waɗanda suka tsaya a kan addini a wannan girgizar.

Mai karatu, idan akwai abin da ka ajiye a ƙarƙashin filo, ko a cikin rufin ɗaki, ko lambar wani da kake kira idan al'amari ya cije, ka rabu da shi yau. Idan hannunka na rawa, ka nemi malamin kirki da ka amince da shi ya taya ka, sannan ka mayar wa mutane haƙƙinsu tun suna raye.