Roƙo Ga Wakilanmu: A Tanadi Hatsi Tun Da Kaka

Duk wanda ya san ƙasar Gwarzo da Kabo ya san lokacin da yunwa ke shiga gidan talaka, watau tsakiyar damina, wajen Yuli da Agusta, sa'ad da rumbu ya ƙare, gero bai nuna ba. Manomin Masanawa da ya sayar da dawarsa da arha da kaka don biyan bashi, shi ne zai koma ya saye ta da tsada, ko kuwa ya bar gonarsa ciyawa ta cinye, ya tafi ƙwadago gonar wani.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kano. An yi yunwar Malali a 1914, da ta Buhu a 1927, da ta Muda a 1954, sa'an nan ga farin 1973. A zamanin Gwamna Audu Bako aka gina madatsun ruwa irin su Tiga, noman rani ya bunƙasa. Amma tanadin hatsi kusa da talaka, shi ne aikin da ya saura.

Mu dubi abin da ya auku kwanan baya. A watan Mayu 1023 babu wanda ya san mota, amma a watan Mayu 2023 da aka janye tallafin man fetur, kuɗin dako ya hau, hatsi ya bi shi. A watan Yuli Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci a kan abinci. Sai a Fabrairu 2024 aka ba da umurnin fitar da tan 42,000 na hatsi daga rumbunan Tarayya. In an raba wannan ga mutane fiye da miliyan 200, kowa ba zai sami rubu'in kilo ba. A watan Yuni 2024 tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin 100 bisa ta shekarar da ta gabata, a watan Agusta kuwa kowa ya ga tarzomar da aka yi a Kano.

Saboda haka muna roƙon wakilai 40 na Majalisar Dokokin Jihar Kano su yi doka. Na farko, a kafa rumbun tsimi a kowace ƙaramar hukuma cikin 44, a sa kuɗinsa cikin kasafin kowace shekara. Na biyu, a sayi hatsin da kaka daga hannun manoma, a sayar da shi kwano-kwano da rangwame da damina. Na uku, dagatai da masu unguwanni su rubuta sunayen mabukata, a karanta a bainar jama'a.

Wasu za su ce ƙwari da ɓarayin zaune za su cinye hatsin. Lalle akwai wannan tsoro. Maganinsa a sake hatsin kowace shekara, a kuma manna lissafin abin da ya shiga da wanda ya fita a ƙofar sito.

Ku kuma malaman ƙananan hukumomi da malaman makaranta, alƙalami na hannunku. Ku rubuta kuɗin kwano a kasuwanninku mako-mako, da yawan yaran da ke zuwa aji ba su karya ba, ku aika wa wakilinku kafin a zauna kan kasafin kuɗi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.