Gani Ya Kori Ji: A Fitar Da Yara Su Zana Abin Da Ke Gabansu

Akwai wata al'ada da muka daɗe muna lura da ita a makarantunmu, wadda mu ke ganin lokaci ya yi da za a tanka. In sa'ar zane ta zo, sai malam ya zana itace a bisa allo, yara su sunkuya su kwafa, alhali ga kuka tsaye a bakin taga ba wanda ya dube ta. In ka tambayi malam dalili, sai ya ce babu kayan da za a fita da su. To, bari mu ba shi labarin waɗanda suka shahara da zane a fili, ya ji irin famar da suka yi da kaya.

A ƙasashen Turai, kafin shekarar 1841, akan ɗura fenti a mafitsarar alade a ɗaure bakin. In mai zane zai yi aiki sai ya huda ta da ƙusa, ragowar kuwa ko ya bushe ko ya tsiyaye cikin jaka. A shekaran nan ne wani Ba'amurke mazaunin Landan, John Goffe Rand, ya ƙago 'yar gorar kuza mai matsuwa, irin wadda man goge haƙori ke zuwa a ciki. Abu ne ƙanƙane, amma shi ya sauƙaƙa wa masu zane fita jeji da bakin teku.

Kada fa a zaci da haka wahala ta ƙare. Mutum ya kan saɓa akwatin fenti, da katako mai ƙafa uku na jingina zane, da laima, da 'yar kujera. A 1870 Claude Monet, mutumin Faransa, yana zane a gaɓar teku a Trouville, iska ta watsa masa rairayi. Har yau ana ganin ƙwayoyinsa manne da fentin, a babban gidan ajiye zane na Landan. A 1885 kuma, a Étretat, igiyar ruwa ta maka shi da ƙasa ta yi gaba da kayansa. Vincent van Gogh kuwa, da ya ke Arles a 1888, turaku ya kan kafa ya ɗaure katakonsa don kada iska ta kayar.

Me ya sa suka jure duk wannan? Saboda akwai abin da ba a koyonsa cikin ɗaki. A 1890 da 1891 Monet ya dinga zana tarin damman hatsi a wata gona kusa da gidansa a Giverny, har zane wajen 25. Ya lura launinsu na hantsi dabam ya ke da na la'asar, don haka ya kan fita da zane da yawa, in haske ya juya ya ajiye wannan ya ɗauki wancan. Wanda ke kwafa daga allo, ina zai san haka?

Kuma ba lalle sai da manyan kaya ba. A 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya hau dutsen Dala ya zana birnin Kano a takarda. Matafiyi ne, ba gwanin zane ba, amma da zanen nan nasa aka fitar da hoton da ke cikin littafin tafiyarsa, wanda har yanzu a ke dubawa a ga yadda Kano ta ke a lokacin.

Wani zai ce ai yanzu ga wayar hannu, ƙiftawa da bismilla an ɗauki hoto. Gaskiya ne, amma wayar ce ta gani, ba yaron ba. Wanda ya zauna rabin sa'a yana auna tsawon ƙofar gari da faɗinta da ido, ya sami natsuwa da lura, waɗanda za su amfane shi ko da akawu ya zama ko likita.

Saboda haka muna roƙon malamai su rage dogon buri. Fensir ko gawayi, da takarda, da guntun kwali na dannewa a cinya sun wadatar. A fita da sanyin safiya, a zauna a inuwa, a maƙale takarda da tsinken shanya saboda iskar hunturu. Kowane yaro ya rubuta wuri da kwanan wata a bayan zanensa, masu kula da ofishin makaranta kuma su adana masu kyau a fayil. Ganuwa tana zaizayewa, tsofaffin soraye suna faɗuwa kowace damina. Abin da yaro ya zana bana, wata rana shi za a nema a matsayin shaida. Allah Ya sa a gyara, amin.