Daga Ƙafar Ɓera Zuwa Gwiwar Sa

Duk wanda ya san fadamun Argungu ya san cewa shinkafar da ake alfahari da ita a Jihar Kebbi ba da injin kaɗai ake samar da ita ba. Shanun huɗa ne ke kifar da ƙasa, jakai da amalanken shanu ne ke kwaso buhuna daga bakin Gulbin Kabi zuwa gari. Ranar da gwiwar sa ta kumbura ya fara ɗingishi, ranar ce manomi ke fara lissafin bashi. Saboda haka nake ganin binciken da masana ke yi a kan itatuwanmu domin maganin kumburi da sanyin gaɓɓan dabbobi ya shafe mu kai tsaye, kuma ya kamata mu san yadda ake yin sa da inda yake tsayawa.

A jami'o'inmu, musamman na Zariya da Sakkwato, an daɗe ana gwada saiwoyi da sassaƙen da makiyaya suka gada, irin su hano, maɗaci, marke da sabara. Akan shanya sassaƙen, a daka shi, a jiƙa shi cikin ruwa ko wani sinadari mai tsotso ƙarfinsa. Sannan a ɗauko ɓerayen ɗakin gwaji, a yi musu allurar wani abu da ake samu daga ciyawar teku a tafin ƙafa, ƙafar ta kumbura cikin 'yan sa'o'i. Wasu a ba su tsimin itacen, wasu a ba su maganin asibiti, wasu a bar su haka, sai a auna kumburin kowanne. Tun 1962 ake amfani da wannan hanya a duniya, kuma sau da yawa itatuwanmu kan nuna alamar rage kumburi.

Wannan ba abin mamaki ba ne. Asfirin da kowa ke sha asalinsa daga bawon wani itace ne na Turai, kafin kamfanin Bayer ya haɗa shi a 1897. Hanon namu kuwa ɗan'uwan itacen luban ne na Indiya, wanda aka yi ta gwada ƙaronsa a kan masu ciwon gwiwa, har ma da karnuka a Turai. Sunan kimiyya na hano ma yana ɗauke da sunan Likita Dalziel, Baturen da ya tattara sunayen itatuwa na Hausa cikin littafi a 1916. Da tsohuwar zuma ake magani, wannan ban musa ba.

Damuwata ita ce tazarar da ke tsakanin ɓera da sa. Kumburin ƙafar ɓera na yini ɗaya ne, aka kuma jawo shi da gangan. Ciwon tsohon sa kuwa guringuntsi ne ya zaizaye cikin shekaru na jan garma a laka. Ɓera bai cika wuce giram 300 ba, san huɗa kan haura kilo 300. Sa yana tuƙa, cikinsa ɗaki huɗu ne, kuma ƙananan halittun da ke tumbinsa na iya sauya magani kafin ya kai ga jini. Jaki ma jikinsa kan fitar da wasu magunguna da sauri fiye da na doki, alhali kamanninsu ɗaya. Ƙari a kan haka, abin da masani ya tatso da sinadari ba lallai ne ya zama daidai da abin da makiyayi ya dafa da ruwa da kanwa ba. Ga kuma ɗingishin da ba na sanyin gaɓa ba ne sam: ruɓewar kofato a damina, ko ƙaya, ko targaɗe.

Duk da haka, yawancin wannan bincike a kan ɓera yake ƙarewa. Ɗalibi ya sami digirinsa, malami ya sami ƙarin girma, takarda ta shiga kabad. Sai mai tallar magani ya ɗauki lasifika ran kasuwa yana shelar cewa an gwada a jami'a. An gwada, gaskiya ne, amma ba a kan sa ba, ba a kuma faɗi awo ba. Itacen da ke da ƙarfin rage kumburi yana da ƙarfin taɓa hanta da ƙoda idan aka zarce.

Kada a ɗauka ina cewa a rungumi allurar kanti ido rufe. Maganin diclofenac da aka riƙa yi wa shanu a Indiya ya kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na wasu nau'o'in ungulu masu cin mushensu, har aka haramta ba dabbobi shi a 2006. Irin waɗannan magunguna, in aka daɗe ana bayarwa, sukan ci ciki su lalata ƙoda. Shi ya sa neman madadi daga dajinmu yake da ma'ana, muddin za a kai aikin ƙarshensa.

Ƙarshen aikin kuwa a garke yake. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na da asibitin koyar da likitancin dabbobi, Aliero da Birnin Kebbi na da jami'o'i, Vom na da cibiyar binciken cututtukan dabbobi tun 1924. Me zai hana su zaɓi itace ɗaya tak, su tantance gubarsa, sannan su zo Argungu su gwada shi a kan shanun da likita ya tabbatar da ciwonsu, da yardar masu su, ana kwatantawa wata da watanni? Masarautar Kabi, wadda ke tara duniya a Matan Fada, ba za ta gaza tara makiyaya da sarakunan noma domin wannan ba. A kuma haɗa da dashe, domin itacen da aka zagaye da sassaƙa mutuwa yake yi, kuma ranar da magani ya yi suna ranar ce gatari ke yawa.

Kafin nan, shawarata ga manomi ita ce ya hutar da dabbar da ke ɗingishi, ya duba kofatonta, ya kira malamin dabbobi, ya kuma gaya masa duk abin da ya riga ya ɗura mata. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Allah Ya ba mu damina mai albarka.