Sandunan Sigina Ba Su Isa Shaida Ba

Da zarar intanet ta yi nauyi a ɗakin karatu ko a ofis, abin da kowa yake fara yi shi ne ya dubi 'yan sandunan nan da ke kusurwar allon kwamfuta. In sun cika, sai a ɗora wa kamfanin da ke sayar da layi laifi. In sun ragu, sai a ce a sayo sabuwar na'ura. A ganina wannan shari'a ce da ake yankewa ba a saurari shaida ba. Sandunan nan ƙarfin sigina kawai suke nunawa, wato yadda muryar na'urar rarraba Wi-Fi take isa kunnen kwamfuta. Amma ƙarfin murya daban, jin magana daban, kamar yadda duk wanda ya taɓa yin ciniki a tsakiyar kasuwa ranar da take ci zai shaida.

Shaidar da ta kamata a kira ita ce yawan fakitocin da suka ɓace a hanya. Saƙo ba ya tafiya a dunƙule. Yanka shi ake yi gutsi-gutsi, kowane fakiti bai cika wuce bait 1,500 ba. Akwai kuma tsohon ma'auni na ƙidaya su, mai suna ping, wanda Mike Muuss ya rubuta a Amurka cikin Disamba 1983. Mai karatu zai buɗe layin umarni a Linux, ya rubuta ping -c 100 tare da adireshin na'urar rarrabawar. Kwamfuta za ta aika sallama sau 100, ta ƙirga nawa aka amsa, sannan ta faɗi kashi nawa cikin ɗari ya salwanta. Daga nan sai a maimaita da wani adireshi na nesa. In na gida bai yi asara ba amma na nesa ya yi, to matsalar tana waje. In kuwa tun daga ɗaki ake zubar da fakitoci, babu dalilin zagin kamfani.

Kada a raina kashi 1 cikin 100. Tun gyaran da Van Jacobson ya kawo a 1988, tsarin TCP na gargajiya yana ɗaukar ɓacewar fakiti a matsayin alamar cunkoso, sai ya rage gudu da kansa, ko da kuwa hayaniyar iska ce ta cinye fakitin. Bisa lissafin da Matthew Mathis da abokan aikinsa suka wallafa a 1997, layin da zuwa da dawowarsa ke ɗaukar kashi 1 cikin 10 na daƙiƙa, in yana asarar fakiti 1 cikin 100, da ƙyar haɗi guda zai wuce megabit 1.4 a daƙiƙa, komai faɗin layin da aka biya wa kuɗi.

Sai dai ping ma yana da makanta, kuma a nan ne nake ganin ɗalibanmu suke tsayawa da wuri. Ƙa'idar Wi-Fi, wadda ta fara fitowa a 1997, ta tanadi cewa in na'ura ta aika saƙo ba ta ji an karɓa ba, ta sake aikawa, sau da dama, kafin ta haƙura. Saboda haka ping yana iya cewa babu asara ko ɗaya, alhali a ƙarƙashi rediyon yana ta nanata magana kamar mai kiran kurma. Umarnin iw dev wlan0 station dump shi ke tona wannan asiri (sunan katin yana iya bambanta daga kwamfuta zuwa kwamfuta). A ciki za a ga tx retries, wato sau nawa aka maimaita aikawa, da tx failed, wato sau nawa aka gaji aka bari. In sigina tana da ƙarfi amma maimaici yana hawa, to akwai masu surutu a kusa: na'urorin maƙwabta da suka taru a tasha ɗaya, ko tandun ɗumama abinci na lantarki, wanda ke aiki a wajen gigahaz 2.45, cikin zangon da Wi-Fi ke amfani da shi.

Wasu za su ce ai akwai manhajoji masu zane da launi, me zai sa a wahalar da yaro da baƙin allo? Amsata ita ce, abin da layin umarni ya fitar rubutu ne, ana iya adana shi a fayil, a sa kwamfuta ta maimaita awon kowace sa'a har mako guda. Injiniyan da aka kai wa ƙorafin cewa intanet ba ta da kyau zai ɗaga kafaɗa. Wanda aka nuna wa cewa asara tana tashi kullum bayan Magariba, lokacin da kowa ya koma ɗakin kwana ya kunna wayarsa, shi ya san inda zai sa hannu. Sau da yawa kuma maganin bai wuce a raba na'urorin ginin tsakanin tasha ta 1 da ta 6 da ta 11 ba, domin su ukun nan ba sa taka sawun juna, kuma yin hakan ba ya cin ko kwabo.