Awon likita da cikin makiyayi

'Yan'uwa makiyaya, duk lokacin da fari ya sa aka kawo taimakon abinci, hukumomi irin su PAM kan lissafa kalori 2100 ga mutum guda kowace rana. Kalori shi ne awon ƙarfin da abinci ke ba jiki.

Wannan awo yana da amfani wajen rabon buhuna, amma an haɗa jariri da tsoho da ƙato ne aka raba, kuma an ɗauka ba su aikin wahala. Wanda ya wuni jan guga cikin bazara, ko ya kora shanu a ƙasa zuwa kasuwar Abalak, buƙatarsa kan wuce 3000. Mai shayarwa kuwa tana son ƙarin wajen 500 bisa abin da ta saba.

Mun sani saniyar tatsa da busasshiya ba a auna musu dusa ɗaya. To, haka mutane suke. In nono ya ragu da rani, kada a kai shi kasuwa duka a sayo shayi da sukari. A fara cika ƙwaryar yara da ta mai jego tukuna.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.