Wasan bidiyo da Hausa: kada matasanmu su yi gini a filin aro

Tun da sabon kundin tsarin ƙasa na watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa a Nijar, ana ta maganar littattafan lekol da takardun gwamnati. Abin da ba a cika tayarwa ba shi ne abin da ke hannun yaranmu dare da rana, wato wasannin cikin salula, waɗanda kusan dukansu da Faransanci ko Ingilishi suke magana.

Cikin ire-iren wasannin nan akwai wanda ake kira RPG. A cikinsa mai wasa yana shiga rigar wani jarumi, ya bi labari gari zuwa gari, ya yi magana da mutane, ya tara makami da guzuri, ƙarfinsa yana ƙaruwa har ya kai ga babban abokin gaba. Babu irin wasan da ya dace da mu kamar wannan, domin kuwa labari ne jarinsa, mu kuma labari bai taɓa yanke mana ba: ga Sarauniya Mangu da ta tari rundunar Bule da Shanuwan a Lugu a 1899, ga ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma, ga Gizo da Ƙoƙi. Maƙwabtanmu na Kamaru sun riga sun nuna cewa abin mai yiwuwa ne. A 2016 kamfanin Kiro'o Games na Yawunde ya fitar da Aurion, wasan da Olivier Madiba ya soma tunaninsa tun 2003, kuma ɗaukewar wuta na cikin abubuwan da suka jinkirta aikin.

To, matashin da ya ɗaura niyyar bin sawunsu, tambayar farko da za ta tare shi ita ce: da wace manhaja zai haɗa wasan? Masu sana'ar suna kiran ta inji. Ita ke zana hoto a fuskar na'ura, ta kunna sauti, ta ajiye inda mai wasa ya tsaya. Zaɓen ba ƙaramin abu ba ne, don wanda ya yi shekara biyu yana aiki da inji guda, sauya shi daidai yake da rushe ɗaki a sake tubali.

Unreal ba za mu ɓata lokaci a kansa ba. Kyakkyawan inji ne, kuma ba ya karɓar kashi 5 cikin 100 nasa sai wasa ya kawo dala miliyan 1, amma yana son na'ura mai ƙarfi da gigogi masu yawa kafin ma a buɗe shi. Tsohuwar kwamfutar da ɗalibi ya saya ta hannu ba za ta ɗauke shi ba.

Unity ne sunan da matasa suka fi ji, kuma da dalili, tun da wasannin salula da yawa da shi aka yi su, darussansa kuma sun cika intanet. Sai dai ya kamata a tuna abin da ya faru ranar 12 ga Satumba 2023. A ranar, kamfanin ya sanar cewa daga Janairu 2024 zai riƙa karɓar kuɗi har santi 20 na dalar Amurka duk lokacin da wani ya sanya wasa a na'urarsa, muddin wasan ya wuce dala 200,000 na ciniki a shekara kuma an sanya shi sau 200,000. Ƙirgar ma kamfanin ne zai yi da kansa, har da wasannin da suka riga suka fita kasuwa. Duniyar masu haɗa wasa ta yi ca, shugaban kamfanin John Riccitiello ya sauka a watan Oktoba, kuma a Satumba 2024 aka soke harajin gaba ɗaya. Wani zai ce ai magana ta wuce, kuma yaronmu na Maraɗi yaushe zai ga dala 200,000? Gaskiya ne. Amma mu abin da muka gani shi ne mai fili yana iya tashi da safe ya sauya sharaɗi bayan an gama gini. Kayan aro ba ya rufe katara. Ƙari a kan haka, Unity yana buƙatar a buɗe asusu, a tabbatar da lasisi ta intanet, abin da ba wasa ba ne ga wanda ke lissafin forfe da mega-mega.

RPG Maker na Japan ya cancanci a yi masa adalci. An yi shi ne musamman don irin wannan wasa: taswira, faɗa, kanti, jakar kaya, duk suna nan a shirye, mutum yana iya haɗa ƙaramin gari cikin yini guda ba tare da ya rubuta layi ɗaya na umarnin kwamfuta ba. Wasanni masu suna kamar To the Moon na 2011 da Omori na 2020 daga cikinsa suka fito. Matsalarsa biyu ce. Ta farko kuɗi: RPG Maker MZ na 2020 kusan dala 80 ne, sama da jika 40 na sefa, kuma sai da katin banki mai aiki a waje. Ta biyu ta fi damun mu. Hotunan da yake zuwa da su na fadojin Turai ne da mayaƙa masu sulken ƙarfe, ga dusar ƙanƙara. Babu zaure, babu rumbu, babu rawani. Wanda ya yi kasala zai fito da Sarauniya a cikin rigar gimbiyar Ingila, wanda bai yi kasala ba kuma dole ya zana komi daga farko, sauƙin da ya biya kuɗi dominsa ya ragu da rabi.

Mu dai ra'ayinmu Godot ne. Ƴan Ajantina biyu, Juan Linietsky da Ariel Manzur, suka ƙirƙiro shi, suka sake shi ga kowa a 2014 a ƙarƙashin lasisin MIT, wanda ya ba kowa damar amfani da shi, sauya shi, da sayar da abin da ya yi ba tare da biyan ko dala ba. Wanda ya sauke shi yau, babu kamfanin da zai karɓe masa gobe. Nauyinsa bai kai mega 200 ba, ba a buɗe asusu, ana kwafa shi a kile a ba aboki, yana aiki ba intanet, har ma akwai wanda ke tafiya a salular Android. Wanda ya zauna a Yamai ko Maraɗi daga Agusta 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu har zuwa farkon 2024, ya san darajar kayan aikin da ba ya jiran layi ya dawo. Godot 4 na Maris 2023 kuma yana iya rubutu daga dama zuwa hagu, ke nan mai son saka ajami a wasansa ƙofa a buɗe take. Masu shakkar ko zai ɗauki cikakken RPG su dubi Cassette Beasts na 2023.

Ba mu ce ba shi da wahala ba. Tsarin faɗa da jakar kayan da RPG Maker ke bayarwa a dafe, a Godot sai mutum ya koyi GDScript ya gina su da hannunsa, wata da watanni. Mai neman aiki a kamfanin waje kuma zai fi samun masu tambayar Unity. Amma wanda ya koyi GDScript ya kama hanyar Python, sana'ar da ke ciyarwa ko da wasan bai sayu ba.

Kowane inji aka ɗauka, tun ranar farko a gwada haruffan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, domin yawancin zanen haruffan wasanni ba su san da su ba, sai a ga akwati a maimakon ƙugiya. Noto da Andika suna da su, kuma kyauta ne.

Saura jami'o'inmu. Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, da André Salifou ta Damagaram, da Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi ba sa buƙatar kasafin kuɗi na musamman kafin su zuba Godot a ɗakunan kwamfutarsu. Abin da muke roƙo shi ne a haɗa ɗalibin kwamfuta da na tarihi da mai zane a kan aikin ƙarshen shekara guda: ƙauye ɗaya, mutum goma masu magana da Hausa, wasan minti 30 da zai tashi a salular jika 30.